Ranar da na shiga gidan Gwaggo ta sama

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu a Tamale aka turo ni gida Salaga in yi hidimar ƙasa a makarantar 'yan mata ta unguwarmu, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Magana ta daɗe da mutuwa, an yafe, an ci abinci a kwano ɗaya. Amma jiya wata 'yar uwa ta tambaye ni a wannan dandalin ko ƙananan jiragen nan da ake wasa da su za su iya sa yaranmu sha'awar tuƙin jirgin sama na gaske. Sau uku ina rubuta mata amsa ina gogewa. Gara in ba ku labarin kawai.

Ni tun ina ƙarama mai kallon sama ce. Mahaifiyata takan aike ni rijiya, ta gaji da jira ta biyo ni, ta same ni tsaye da guga a hannu ina bin farin zaren da jirgi ya bari a sararin samaniya. Ranar da muka raka kawuna Tamale zai tafi aikin Hajji, kowa yana ta ɗaga hannu yana share hawaye, ni kuwa tayoyin jirgin nake kallo, ina jiran in ga daidai inda za su rabu da ƙasa. Na so in zama matuƙiya. Darasin lissafi da halin gida suka ce malama zan zama, na kuwa zama ban yi gardama ba. Son bai mutu ba dai, komawa ya yi cikin littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina.

Yayana yana zaune a Yendi, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. A shekarar ya sayi dron, ɗan jirgin nan mai farfela huɗu da kyamara a ciki, wanda ake sarrafawa daga ƙasa ana kallon abin da yake gani a fuskar waya. Ranar da ya fara ba ni na riƙe a bayan gari, na ga gonakin doya sun zama kamar tabarma. Nan take na ce a raina: da na riƙe irin wannan ina 'yar shekara goma sha uku, da babu lissafin da zai kore ni. Kuma ga ni da aji cike da 'yan shekara goma sha uku.

Hutu guda na yi ina koyo a wurinsa, ina roƙonsa ya ara mini. Da ƙyar ya yarda.

"Ke, wannan ba 'yar tsana ba ce fa," in ji shi. "In batir ya nuna ja, ki sauko da shi. In iska ta taso, ki sauko da shi. In kin hangi shaho, ki sauko da shi."

"To Yaya, yaushe zan tashi da shi ke nan?"

"In kika maƙale mini shi a kan mangwaro, kar ki dawo Yendi. Ki wuce Saboba ki tsallaka Togo, can ya fi miki sauƙi."

Abin da nake so shi ne in kafa ƙungiyar 'yan mata masu son jirgin sama, mu riƙa haɗuwa ranar Asabar. Shugabar makaranta ta ce ita ba ta ƙi ba, amma Asabar ta iyaye ce, akwai Islamiyya, akwai kasuwa, akwai wanki. Ta ba ni Asabar ɗaya in gwada, sannan ta ce za ta ba ni minti goma a taron iyaye da malamai in shawo kansu.

Kafin in kai ku filin, sai na gaya muku wace ce Gwaggo. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ba mu haɗa jini ba, amma ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego da aka haife ni, kuma rabin tuwon da na ci ina yarinya daga tukunyarta ya fito. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, ko shanya za ta kwashe a ƙofar gida sai ta yafa mayafi. Mijinta Alhaji ɗan kasuwar doya ne, ya rasu a farkon damina ta wannan shekarar. Lokacin da abin nan ya faru tana cikin wata na biyu na takaba, ba ta fita ko nan da can, kuma in maza sun zo gaisuwa daga bayan labule take amsawa.

Asabar ɗin da hantsi muka taru a filin makaranta. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Da jirgin ya tashi yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma, wasu suka ruga a guje, suka dawo suna dariya. Akwai wata yarinya a ajina da ba ta magana ko an tambaye ta, kullum tana can baya kusa da taga. Ita na fara miƙa wa abin sarrafawar. Ta ɗaga shi, ta juya shi, ta tsayar da shi cak a iska, sannan ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Madam, mai tuƙa babban ma haka yake gani?" Na ce haka ne, har ya fi. Ta ce, "Mace tana tuƙawa?" Na ce ƙwarai kuwa.

Sai sauran suka fara ihu. "Madam, kai shi gidanmu! Madam, nuna mana gidanmu!" Na karɓa na danna ɗaukar bidiyo, na tura shi kan zango, wato unguwarmu. Rana tana dukan fuskar wayar, ba na ganin komai sosai sai launin kwanukan rufi. Na bi ta kan masallaci, na bi ta kan kasuwa, na dawo layinmu. Na ce bari in nuna musu bishiyar zogalen mahaifiyata, sai na yi ƙasa da shi sosai, na tsayar da shi na ɗan lokaci, ina ta ƙifta ido ina neman zogale. Batir ya nuna ja, na dawo da shi. Muka watse kowa bakinta har kunne.

A gida na buɗe bidiyon a kwamfuta. Farkonsa ya yi kyau har ya ba ni tsoro: hasumiyar masallaci ta fito daga cikin bishiyoyi, ga tantabaru sun tashi a ƙarƙashin jirgin. Sai na riƙa mayar da wurin baya ina sake kallo. Na kalle shi ya fi sau goma, har na ɗauki biro na fara rubuta jawabina. Ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba. Wannan shi ne gaskiyar magana, kuma ba ni da wani uzuri a bayanta.

Ranar taro ɗakin ya cika. Maza a bencinan gaba, mata a baya. Liman yana nan, haka ma ƙanin mijin Gwaggo, domin 'yarsa tana ajina. Na sa baƙar abayata mai ɗinkin azurfa, na tashi na yi jawabi. Har yanzu ina tuna wata jimla da na fi alfahari da ita. Na ce, "Sama ba ta da katanga, ba ta da ƙofa, ba ta tambayar ke 'yar gidan wane ce." Wani malami ya tafa shi kaɗai. Sannan aka rufe tagogi, aka kunna majigi, garinmu ya bayyana a jikin bango.

Da farko abin ya tafi yadda na yi mafarki. Dattawa suna nuni da hannu. "Ga rumfata can!" "Kai, ashe haka kwanon masallaci ya yi tsatsa?" Liman ma ya gyara tabarau yana murmushi. Ina tsaye a gefe zuciyata fari ƙal.

Sai hoton ya fara sauka. Ya wuce zogalen mahaifiyata ko tsayawa bai yi ba, ya tsaya a kan tsakar gidan Gwaggo, can lungun bayan ɗakin girki inda babu mai shiga. Tana zaune a kan 'yar kujera, zane ɗaya ɗaure a ƙirji, kanta babu ɗankwali, furfurarta a tsefe. Babbar rigar mijinta tana kan cinyarta. Ta ɗaga ta, ta kifa fuskarta a ciki, kafaɗunta suna girgiza. Girman bango guda. Sannan ta ji ƙugin, ta ɗago kai ta dubi sama, wato ta dube mu duka.

Wata mata a baya ta ce, "Innalillahi." Maza suka sunkuyar da kai, Liman ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Ƙanin mijinta ya miƙe.

"Kashe abin nan."

Na ruga wurin kwamfuta. Maimakon in rufe, sai na danna tsayarwa. Fuskar Gwaggo ta daskare a bango, idonta jiƙe, bakinta a ɗan buɗe. Ina ta danne-danne abin ya ƙi. Sai da shugabar makaranta ta tashi ta fizge wayar wuta daga bango. Babu wanda ya zage ni. Da ma an zage ni. Ƙanin mijinta ya ɗauki hularsa ya fita, maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Maganar ƙungiya ko tayar da ita ba a yi ba.

Labari ya riga ni isa gida. Na sami mahaifiyata tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Mma, wallahi ban gani ba. Ban san ya ɗauka ba."

"Na sani ba ki gani ba. Ke ai sama kike kallo." Ta ajiye faifan. "Faɗa mini, a gidan nan kika girma ko a wani wuri? Mai gyaran kwanon rufi, wanda bai san alif ba, kafin ya jingina tsani me yake yi?"

Na kuwa sani. A zangonmu duk namijin da zai hau rufi, ko ya hau bishiya saran reshe, sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku: "Za a hau sama! Mata a kintsa!" Sannan ya jira a amsa masa daga gidajen da ke kewaye. Tun ina goye nake jin wannan kira. Ni kaina na sha rugawa ɗaki saboda shi. Makewayinmu ba shi da rufi, tsakar gidanmu ba ta da rufi, wannan kiran shi ne rufinmu.

"Shi gida ɗaya yake hawa," in ji ta. "Ke da digirinki kin hau kan unguwa guda ba sallama."

Na ce ta taimake ni ta je ta ba Gwaggo haƙuri, ko ta nemi wata dattijuwa su je tare, yadda aka saba. Ta ce a'a. "Ke kaɗai kika shiga, ke kaɗai za ki koma."

Kwana tara na yi ban je ba. Na daina bin layinmu ta gaba, sai in zaga ta bayan injin niƙa. In na ji muryarta ta katanga sai in shige ɗaki. A ƙarshen mako na hau mota zuwa Yendi wai zan mayar da dron, alhali gudu ne. Yayana ya riga ya ji. Ya karɓi jakar, ya duba farfelolin ɗaya bayan ɗaya, bai yi wasan da ya saba ba.

"Ni ko a gidan biki, sai na aika a gaya wa matan cikin gida kafin in tashe shi," in ji shi. "Na gaya miki batir, na gaya miki shaho, na manta in gaya miki mutane. Na zaci wannan kin fi ni sani." Ya ba ni abinci, ya ce gobe da safe motar farko zan bi. "Gidana ba maɓoya ba ce, malama."

Washegari da la'asar na tsaya a ƙofar Gwaggo na yi sallama. Autarta ce ta fito, ƙawata ta ƙuruciya, wadda ke aure a Bawku, ta zo zaman makoki ba ta koma ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a, yau ta ƙofa aka zo?"

Daga ciki Gwaggo ta ce, "Bar ta ta shigo."

Tana zaune a kan sallaya a cikin ɗaki, lulluɓe da farin mayafi, carbi a hannu. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu, kuka kawai nake yi. Ta bar ni na yi mai isata.

"Kin gama? To share hancinki. Abin yana wurinki?"

Na ce yana cikin wayata.

"Nuna mini. Kowa a garin nan ya gani sai ni."

Na so ƙasa ta tsage. Na matsa kusa na kunna mata. Ta kalli masallaci, ta kalli kasuwa, ta ce, "Ga inda Alhaji yake sauke doya." Da aka zo wurin, na kawar da kai. Ita ba ta kawar ba, ta kalla har ƙarshe.

"Ashe haka na tsufa," in ji ta a hankali. Ta ja carbinta. "Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan. Ƙanin Alhaji yana ɗan makaranta aka kawo ni, ni na yi masa wanki har ya yi aure, bai taɓa ganin gashin kaina ba. 'Ya'yana ma ban yarda sun ga kukana ba, shi ya sa nake zuwa bayan ɗakin girki. Nan kaɗai ya rage mini, 'yata. Daga ni sai Allah."

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Goge shi tukuna, ina gani."

Na goge a gabanta, na gaya mata na kwamfuta ma na riga na goge. Ta gyaɗa kai.

"Na yafe miki. Allah ya ce a yafe, kuma ke tawa ce, ba da gangan kika yi ba. Amma kar ki ga ban yi miki dariya ba ki ce ban yafe ba. Baki yakan riga zuciya." Sai ta ɗaga murya ta kira autarta. "Zuba mata tuwo. Dubi yadda ta rame, kamar ita ke takabar."

Na ci tuwon nan da hawaye, kuma na cinye shi tas, domin ban isa in rage ba.

Bayan sati biyu na ji ana buga ƙusa ta katanga. Kafinta ne aka kira ya rufe lungun bayan ɗakin girki da kwano. Ko bayan an rufe, ban ƙara jin motsinta a wurin ba. Da ta fita takaba, autarta ta ce ta zo Bawku ta huta na wata biyu. Ta tafi, wata biyu suka zama zama. Mahaifiyata ta ce da ma ana ta maganar tafiyar tun kafin abin ya faru, kar in ɗora wa kaina. Mai yiwuwa haka ne. Ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

To, 'yar uwa mai tambaya, ga amsarki. E, yana sa su sha'awa. Yarinyar nan ta bakin taga yanzu tana kudu tana koyon gyaran injin jirgin sama. Takan kira ni da Sallah, kuma duk kiran sai ta ce, "Madam, Asabar ɗin nan ce fa." Ina jin daɗi har cikin raina. Sai dai ba na iya jin daɗin shi kaɗai, domin tashi ɗaya ne, batir ɗaya, bai kai minti ashirin ba. A cikinsa wata ta sami abin da za ta yi da rayuwarta, wata kuma ta rasa wurin kukanta. In za ki saya wa yaranki, saya. Ki kai su bayan gari, kan gonaki da fadama, akwai sama mai yawa a can. In kuwa za a bi ta kan gidajen mutane, a je a gaya musu, a kuma jira su amsa.

Bara na je Bawku na gaishe ta. Ta yi murna ƙwarai, ta rungume ni, tana ta "'yata ta zo, 'yata ta zo," ta sa aka yanka mini zabo. Muka zauna a tsakar gida, mu mata zalla, muna hirar Salaga: wa ya rasu, wa ta haihu, rijiyar layinmu ta ƙafe ko tana nan. Ana zafi, ɗankwalinta ya zame baya tana dariya ba ta kula ba. Na ji kamar an sauke mini dutse. Can na tuna da motar komawa, na sa hannu a jaka na ciro waya in duba lokaci.

Ba ta daina dariyar ba, ba ta ma katse maganarta ba. Hannunta ne kawai ya tashi da kansa, ya jawo ɗankwalin har goshi.

Na mayar da wayar cikin jaka, na ja zif. Motar ta tafi ta bar ni, na kwana a Bawku.